Mutuwar Brian a Family Guy: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fushin Masu Kallo

A daren Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2013, tashar Fox ta Amurka ta nuna kashi na 6 a zango na 12 na Family Guy, katun ɗin barkwanci da ake yi domin manya. A cikinsa mota ta buge Brian, karen gidan Griffin, ya mutu. Kafin gari ya waye zancen ya cika intanet, kuma har yau idan ana batun kashin katun da ya fi tayar wa masu kallo hankali, sai an ambaci wannan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin shiri ne Family Guy, kuma wane ne Brian?

Seth MacFarlane ne ya ƙirƙiro shirin, aka fara nuna shi a Fox ranar 31 ga Janairu, 1999. Labarin wani iyali ne a wani ƙagaggen gari mai suna Quahog a jihar Rhode Island: maigida Peter Griffin, matarsa Lois, 'ya'yansu Meg da Chris, da jariri Stewie mai basira da mugun nufi, sai karensu Brian.

Brian farin kare ne mai tafiya da ƙafa biyu. Yana magana, yana tuƙa mota, yana shan barasa, yana ɗaukar kansa marubuci duk da littafinsa bai yi kasuwa ba. A farkon shirin shi ne mai hankalin gidan, shi ke jan kunnen Peter idan ya ɗauko wautarsa. MacFarlane da kansa ke yi masa murya, kuma muryar Brian ita ce ta fi kusa da muryarsa ta yau da kullum. Amma abin da ya fi ɗaure Brian a zukatan mutane shi ne abotarsa da Stewie. Kashe-kashen da su biyun ke fita tafiya tare, waɗanda aka fara tun shekarar 2000, suna cikin waɗanda masoya shirin suka fi yabawa. A 2010 ma an yi kashi guda da ba kowa a ciki sai su biyu, a kulle cikin ma'ajiyar banki, suna hira kan kaɗaici da dalilin rayuwa.

Me ya faru a cikin kashin?

Sunan kashin "Life of Brian". Ya fara kamar yadda aka saba: Stewie da Brian sun yi amfani da na'urar komawa zamanin baya sun je Jamestown, ɗaya daga cikin matsugunan farko na Turawan Ingila a Amurka, sun dagula tarihin Amurka, sannan suka gyara da ƙyar. Da suka dawo, Stewie ya ce na'urar ta isa haka, ya farfasa ta. A wurin zubar da ita suka tsinci ragar wasan hoki, suka kawo gida. Brian yana tsaye a kan titi yana kafa ragar sai ga mota a guje, ta bi ta kansa.

An kai shi wurin likitan dabbobi, likita ya ce ba abin da za a iya yi. Iyalin suka kewaye shi, ya gode musu, ya ce yana ƙaunarsu, ya cika. Aka yi jana'iza. Stewie ya nemi ya sake haɗa na'urar don ya koma ya cece shi, amma wani sashe da ba ta aiki sai da shi ya gagara samuwa. Bayan wata guda iyalin suka ɗauko wani kare mai suna Vinny.

Ai a katun kullum ana mutuwa ana tashi. Me ya bambanta wannan?

Gaskiya ne. A katun ɗin South Park an kashe Kenny, ɗaya daga cikin yaran shirin, kusan a kowane kashi na zangunan farko, mako mai zuwa ya dawo ba wanda ya tambaya. A Family Guy ɗin ma Peter ya sha faɗowa daga bene ya kakkarye, a fage na gaba a gan shi garau. Mai kallo ya san wannan ƙa'ida, ba ya damuwa.

Abin da ya bambanta mutuwar Brian shi ne masu shirin sun bi duk ƙofofin da mai kallo zai leƙa ya ce "ta nan za a dawo da shi", sun rufe su ɗaya bayan ɗaya. An lalata na'urar tun kafin haɗarin. An nuna cewa ba za ta gyaru ba. An nuna jini da raunuka ba tare da an mayar da su abin dariya ba, an saka kiɗa mai sanyaya jiki, an bar Lois da Stewie suna kuka na daƙiƙu masu yawa ba tare da an katse da raha ba. Aka kuma ɗauko fitaccen ɗan wasa ya yi muryar sabon kare, abin da ke nuna kamar zama ya zo yi. A kashi na gaba, ranar 8 ga Disamba, har a waƙar buɗe shirin an cire Brian an saka Vinny.

Kuma shirin yana da tarihin kashe mutane su tafi ke nan. Francis, wanda ya riƙi Peter a matsayin uba, ya mutu a 2007 bai dawo ba. A kashin farko na zango na 9, a 2010, an kashe Muriel Goldman da mai karanta labarai Diane Simmons, su ma ba su dawo ba. Don haka wanda ya gaskata mutuwar Brian yana da hujjarsa.

Yaya masu kallo suka karɓi abin?

Da zafi. Cikin sa'o'i kaɗan aka buɗe takardar koke a shafin Change.org ana neman MacFarlane da Fox su dawo da Brian, masu sa hannu suna cewa ba za su sake kallon shirin ba sai an yi hakan. Sa hannun ya wuce 128,000. A Twitter da Facebook aka cika da hotunan ta'aziyya da kiran a dawo da shi. Jaridu da tashoshin da ba su saba kula katun ba suka ɗauki labarin kamar wani sananne ne ya rasu.

Tambayar da ta fi yawo ita ce, "me ya sa shi?" Mutane da yawa suka ce in dai dole sai an kashe wani a gidan, ga Meg ko Chris, waɗanda labarin bai dogara da su sosai ba. Wasu kuma ba mutuwar ce ta ɓata musu rai ba, saurin maye gurbinsa ne: a kashi ɗaya an binne Brian, kafin a rufe an kawo wani kare gidan.

Me zai sa babban mutum ya zubar da hawaye saboda karen zane?

Wannan ita ce tambayar da waɗanda ba sa kallon shirin suka fi yi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

Sabo ake yi wa kuka. A lokacin da aka nuna kashin, shirin ya kusa cika shekara 15. Wanda ya fara kallo yana ɗan sakandare ya riga ya zama magidanci. Duk daren Lahadi muryar nan tana cikin ɗakinsa. Ɗan wasa na fim yana tsufa a idonka, kana ganin furfura tana fito masa, zuciyarka tana shirya wa rabuwa a hankali. Katun ba ya tsufa. Stewie jariri ne tun 1999. Mai kallo ya saba da cewa duk abin da ya canja a rayuwarsa, wannan gidan yana nan yadda ya bar shi. Ranar da aka taɓa wannan tabbacin, zafin ya fi na mutuwar jarumi a fim mai ban tausayi, domin can an shiga ne da shirin baƙin ciki, nan kuwa an zauna ne don a yi dariya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda masu kallo da dama suka faɗa da bakinsu. Ba dodo ne ya kashe Brian ba, ba yaƙi ba, ba wani abin almara ba. Mota ce a ƙofar gida, yadda dabbobin gida da yawa ke mutuwa. Duk wanda ya taɓa rasa dabbar da ya raina ta wannan hanya ya gane ɗakin likitan, ya gane shirun da ke biyo bayan maganar likita. Kukan da ya yi a gaban talabijin rabinsa na tsohon rashinsa ne.

Ni a ganina wannan baƙin cikin na gaske ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Labari aikinsa ke nan, ya sa ka damu da wanda ba ya raye. Marubucin da ya shekara 14 yana neman ka damu da Brian ba shi da bakin cewa ka yi yawa ranar da ka damu ɗin.

Kowa ne ya yi fushi?

A'a. Akwai waɗanda suka ji daɗi, kuma ba su ɓoye ba. A zangunan baya-bayan nan kafin 2013 an canja halin Brian sosai. Daga mai hankalin gida ya koma mai ji da kai, mai wa'azin siyasa da ba ya aiki da abin da yake faɗa, uban da ya yi watsi da ɗansa. Marubutan sun san da wannan ƙorafi, har a 2009 suka sa Quagmire, maƙwabcin gidan, ya zazzage masa duk laifuffukansa a fuska cikin doguwar magana. Ga irin waɗannan masu kallo, tafiyar Brian dama ce ta shirin ya sabunta kansa.

Akwai rukuni na uku, waɗanda tun daren farko suka ce wasa ne. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a jerin sunayen kashe-kashen da ba a nuna ba tukuna akwai masu ɗauke da sunan Brian, ciki har da "Brian's a Bad Father", wanda aka nuna a Janairun 2014. Kuma babu wani dalili na kuɗi ko na kwantiragi da zai sa a cire shi, tunda mai yi masa murya shi ne mai shirin.

Shi Vinny fa, me ya sa bai samu karɓuwa ba?

Tony Sirico ne ya yi masa murya, ɗan wasan da aka sani da rawar Paulie a The Sopranos, kuma an gina Vinny a kan irin wannan hali na Ba'amurke ɗan asalin Italiya mai kaifin baki. Ba a rubuta shi a matsayin mugu ba. A ƙarshen kashin shi ne ya zauna da Stewie ya rarrashe shi, ya ba shi labarin nasa maigidan da ya rasu. Laifinsa ɗaya, ya shigo gidan makoki tun ba a share hawaye ba. Bayan ƙura ta lafa, an samu masu cewa da an ba shi zango guda da ya yi farin jini.

Ta yaya aka dawo da Brian?

A kashin Kirsimeti mai suna "Christmas Guy", ranar 15 ga Disamba, 2013, mako uku cif bayan mutuwar. Stewie yana cikin babban kanti tare da Vinny sai ya hango kansa na zamanin baya, wanda ya taɓa yin tafiya zuwa gaba don ya sayi wani abin wasa kafin ya fito kasuwa. Vinny ya ɗauke hankalin wancan Stewie ɗin, wannan ya zare na'urar komawa daga jakarsa, ya koma daidai lokacin haɗarin, ya ture Brian daga gaban motar. Da haka aka shafe komai: ba mutuwa, ba jana'iza, kuma iyalin ba su taɓa sanin Vinny ba. Vinny ya taimaka ne yana sane da cewa hakan zai raba shi da gidan, kuma wannan ne wurin da ya fi taɓa zuciya a kashin.

To takardar koken ce ta dawo da shi?

A'a, kuma wannan ita ce fahimtar da ta fi buƙatar gyara. Kashi ɗaya na irin wannan shiri yana cin watanni da dama, kusan tara ko fiye. Sai an rubuta, 'yan wasa su karanta a zaune, a gyara, a ɗauki murya, a yi zanen farko, a tura aikin motsa zanen zuwa kamfanoni a Koriya ta Kudu, a dawo da shi, a saka kiɗa, a tace. Ba yadda za a yi duk wannan cikin mako uku. Lokacin da mutum na farko ya sa hannu a kan koken, kashin dawowar Brian ya daɗe da kammaluwa ko yana dab da haka.

Da South Park ne, da maganar ta bambanta. Masu shirin, Trey Parker da Matt Stone, sun shahara da haɗa kashi cikin kwana shida da kwamfuta a ofishinsu, shi ya sa suke iya taɓo abin da ya faru a makon. Family Guy da The Simpsons ba sa aiki haka.

Me masu shirin suka ce?

Bayan an nuna kashin mutuwar, ɗaya daga cikin manyan furodusoshin, Steve Callaghan, ya yi hira da 'yan jarida yana magana kamar abin ya tabbata. Ya ce sun so su girgiza shirin ne, kuma mutuwar kare ta hanyar mota ta fi kusa da abin da ke faruwa a rayuwa fiye da mutuwar ɗaya daga cikin yaran. Bayan an dawo da Brian, MacFarlane ya rubuta a Twitter cewa darasin shi ne kada mutum ya yi sakaci da waɗanda yake ƙauna domin suna iya tafiya farat ɗaya, sannan ya tambayi masoya ko da gaske sun zaci za a kashe Brian. Daga baya ya ce yawan fushin ya ba su mamaki, ba su san har yanzu ana ƙaunar Brian haka ba.

Ke nan dabara ce kawai ta jawo masu kallo?

Da wuya a musanta cewa akwai wannan a ciki. Mutum sama da miliyan 4 ne suka kalli kashin mutuwar a daren da aka nuna shi, na dawowar kuma sama da miliyan 6. Shirin da ya shekara 14, wanda aka fara cewa ya gaji, ya koma bakin kowa na tsawon mako uku.

Amma ban yarda cewa dabara ce zalla ba. Wanda ya kalli fagen asibitin zai ga an yi shi da kulawa. An rage raha, an ba shiru wuri, kuma baƙin cikin Stewie, yaron da aka sani da rashin tausayi, an rubuta shi da gaskiya. Inda nake ganin masu shirin sun gaza shi ne a abin da suka yi da wannan baƙin cikin bayan sun same shi. Sun buɗe wata ƙofa da shirin bai taɓa shiga ba: yaya Stewie zai rayu ba tare da aboki ɗaya tilo da ke fahimtar maganarsa ba? Yaya Peter zai kasance ba mai tsawata masa? Kashi ɗaya tak aka yi a tsakani, shi ma bai tsaya kan rashin ba. Sannan hanyar da aka bi aka dawo da shi ta goge abin daga ƙwaƙwalwar kowa a gidan. Mai kallo kaɗai aka bari da tunawa. Shi ya yi makokin, su kuwa mutanen Quahog ba abin da ya same su.

Shi ya sa fushin wasu ya ƙaru bayan dawowar maimakon ya ragu. Na farko fushin rashi ne, na biyu na wanda ya ji an yi wasa da hankalinsa. Kuma yana da tsada: duk ranar da shirin ya sake neman mai kallo ya ɗauki wani abu da muhimmanci, zai tuna da mako ukun nan ya ja baya.

An taɓa samun irin wannan a wasu shirye-shiryen?

Sau da yawa, kuma kusan kullum tushen ɗaya ne, wato mai kallo ya ji an karya wata yarjejeniya da ke tsakaninsa da masu shirin.

A ranar 28 ga Satumba, 1997, The Simpsons ta nuna kashin da ya ce shugaban makaranta Seymour Skinner, wanda aka sani shekara takwas, ba shi ne Skinner na gaskiya ba, wani ne mai suna Armin Tamzarian da ya ɗauki sunan abokin aikinsa na soja. A ƙarshe mutanen gari suka kori na gaskiyar, alƙali ya hana kowa sake tayar da zancen. Masoya suka ƙi abin ƙwarai. Harry Shearer, mai yin muryar Skinner, ya soki kashin a fili, shi ma Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya kira shi kuskure. Marubucin kashin, Ken Keeler, ya kare aikinsa da cewa labarin kan mutanen da ba sa son a taɓa abin da suka saba da shi ne. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan kashi a matsayin inda shirin ya fara gangara.

South Park kuma ta rufe zangonta na farko a 1998 da alƙawarin bayyana mahaifin Cartman, ɗaya daga cikin yaran shirin. Aka jira makonni. Ranar 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke zolayar juna, sai aka nuna wani labari dabam da ba ruwansa da tambayar. Tashar Comedy Central ta samu saƙonnin ƙorafi kusan 2,000, ta kuma matso da kashin amsar daga Mayu zuwa 22 ga Afrilu.

Akwai kuma misalin da ya bi ta wata hanyar. A 2002 katun ɗin Futurama ya nuna labarin Seymour, karen jarumin shirin Fry, wanda ya zauna a ƙofar shagon da maigidansa ke aiki yana jiran dawowarsa shekara 12 har ya mutu. Mutane sun yi kuka sosai, amma ba a yi bore ba, kuma ana lissafa kashin cikin mafi kyawun shirin. Bambancin shi ne an bar baƙin cikin ya tsaya da ƙafarsa, ba a ce wa mai kallo "wasa muke yi" bayan mako uku ba.

Idan koke bai dawo da Brian ba, muryar masu kallo tana da wani tasiri kuwa?

Tana da shi, sai dai ba ta hanyar da aka fi zato ba. Family Guy ɗin kanta shaida ce. Fox ta soke shirin a 2002. Aka fara maimaita tsofaffin kashe-kashen a tashar Adult Swim, jama'a suka yi ta kallo, faifan DVD na farko kuma ya sayu sama da kwafi miliyan 2. Ganin haka Fox ta dawo da shirin ranar 1 ga Mayu, 2005. Abin da tasha ke saurara shi ne yawan masu kallo da abin da suka saya.

Suka mai hujja ma tana aiki, amma a hankali. A 2017 ɗan barkwanci Hari Kondabolu ya fitar da fim na gaskiya kan yadda Apu, mai shago ɗan asalin Indiya a The Simpsons, ya zama abin da ake tsokanar 'yan asalin Kudancin Asiya da shi a Amurka. Shirin ya mayar da martani a wani kashi a Afrilun 2018 ta hanyar da mutane da yawa suka ga kamar share ƙorafin aka yi, suka ƙara fusata. A farkon 2020 Hank Azaria ya sanar cewa ya daina yin muryar Apu. Shekara fiye da biyu aka ɗauka.

Wani lokacin kuma zumuɗin masoya yana wuce gona da iri. Kashin katun ɗin Rick and Morty na 1 ga Afrilu, 2017 ya ambaci wani miyan tsoma nama da McDonald's ta taɓa sayarwa a 1998. Masoya suka dage sai an dawo da shi. Kamfanin ya fitar da kaɗan na rana ɗaya a Oktoban 2017, bai isa ba, aka yi cunkoso da hayaniya a wasu rassa har aka kira 'yan sanda. Ma'aikatan da ke bayan kanta, waɗanda ba su da hannu a shirin ko a shawarar kamfanin, su suka sha zagin. Wannan ba ƙauna ba ce da za a yaba.

Hayaniyar intanet tana nuna ra'ayin yawancin masu kallo?

Ba lallai ba. A kwatanta 128,000 da suka sa hannu da sama da miliyan 4 da suka kalla a daren farko kaɗai, ban da masu kallo daga baya da na wasu ƙasashe. Wanda ransa ya ɓaci shi ke tashi ya rubuta. Wanda ya kalla ya ce "to" ya kwanta ba a jin ɗuriyarsa. Amma ƙarancinsu bai sa ra'ayinsu ya zama banza ba, domin su ne suka fi sanin shirin, su ke tuna abin da aka faɗa shekara goma baya, su ne kuma ke sayen faifai da kayan shirin.

Tunda katun ne, yara za su iya kallon kashin?

Ba don su aka yi shi ba. A tsarin tantance shirye-shiryen talabijin na Amurka, wanda aka fara a 1997, Family Guy tana ɗauke da alamar TV-14 a Fox, wato bai dace da 'yan ƙasa da shekara 14 ba, South Park kuma TV-MA, na manya zalla. Akwai batsa a baki, shaye-shaye, da raha kan addini da ƙabila da za ta ɓata wa mutane da yawa rai. Fagen haɗarin Brian kansa an nuna shi ƙarara da jini. Zane mai launi ba ya nufin abu na yara ne.

Wanda bai taɓa gani ba, ta ina zai fara don ya gane abin da ya tayar da ƙurar?

Kada ya fara da kashin mutuwar, domin zai ga kare ne kawai mota ta buge. Ya fara da "Road to Rhode Island" na shekarar 2000, inda Brian ya je neman mahaifiyarsa tare da Stewie, a nan abotarsu ta kafu. Sai "Brian & Stewie" na 2010, wanda suke kulle a banki. Bayan waɗannan ya kalli kashi na 6, na 7 da na 8 na zango na 12 a jere. Idan da hali ya bar 'yan kwanaki tsakanin na 6 da na 8, domin masu kallon 2013 mako uku suka yi ba su san yadda za ta kaya ba, kuma yawancin abin da suka rubuta a cikin wannan jiran suka rubuta shi.